Kwana Biyu a Burje da Kyamarar Aro

Ranar da muka yi sallama da 'yan ajinmu a Garwa, a ƙarshen watan Mayu na 2023, ba turare suka roƙe mu ba, ba kuma rigar ƙwallo ba. Akwai wani yaro a bencin baya wanda duk lokacin da jirgin soja ya bi ta saman makaranta sai wuyansa ya riga kowa kaiwa taga. Shi ne ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in kun je a zo mana da hoton jirgi yana sama. Ba irin na kalanda ba, wanda ku kuka ɗauka da hannunku." Muka ce to, ba mu san nauyin kayan da muka ɗora wa kanmu ba.

Mu uku ne malamai da aka tura kwas na 'yan makonni a wajen Faris, sai kuma tafiyar ta dace da bikin nuna jiragen sama na Le Bourget, wanda Faransawa ke faɗi Burje. Kyamara kuwa aro muka yi wurin wani mai hoto na unguwarmu, wanda da ita yake ɗaukar biki da suna. Ya haɗa mana da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, wanda aka rubuta 70-300 a jikinsa, ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Malam, gonata ke nan na ba ku." Saboda haka tun daga Garwa har Faris jakar nan ba ta bar cinyarmu ba.

Ga wanda bai sani ba, Burje filin jirgi ne a arewa maso gabas da Faris, kamar kilomita 11 daga tsakiyar birni. Nan ne Ba'amurken nan Charles Lindbergh ya sauka ran 21 ga Mayu 1927, bayan ya yi awa 33 da rabi shi kaɗai a sama daga New York bai tsaya ko'ina ba. A da shi ne babban filin jirgin Faris, amma yanzu manyan jiragen fasinja sun koma Orly da Charles de Gaulle, an bar masa ƙananan jiragen attajirai da gidan tarihin jiragen sama. Shi bikin an fara shi a 1909 a cikin birni, aka mai da shi Burje a 1953, kuma shekara biyu-biyu ake yi, cikin watan Yuni, a shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu. Na 2021 annobar korona ta hana, shi ya sa na 2023 ya cika maƙil. An sake yi a 2025. Kwana huɗun farko, Litinin zuwa Alhamis, na 'yan kasuwa ne da manyan sojoji da 'yan jarida. A ranar farko ta wancan bikin wani kamfanin Indiya mai suna IndiGo ya yi odar jiragen Airbus 500 a zama ɗaya. Irin mu sai Juma'a da Asabar da Lahadi ake buɗe mana ƙofa.

Masaukinmu gidan wani dattijo ne ɗan unguwarmu da ya daɗe a La Courneuve, tasha ɗaya tak kafin Burje a layin jirgin ƙasa na RER B. Da muka gaya masa inda za mu, ya yi dariya ya ce shekara da shekaru yana jin ƙarar abin daga tagarsa, bai taɓa zuwa ba. "Ku ɗauki ruwa da hula, 'ya'yana. Kada ku ce kun fito daga Garwa rana ba ta iya ku. Can babu bishiya." Muka ce, "To, Kawu," muka ɗauki ruwan, muka bar hular. Da yamma mun san kurenmu.

Daga tashar Burje akwai bas da ke kwasar mutane kyauta zuwa ƙofa. Bayan bincike sai ka faɗa cikin manyan rumfuna na kamfanoni, ka bi ka fita zuwa wani makeken fili na siminti inda aka jera jirage, daga ƙanana kamar kwale-kwale har zuwa waɗanda mutum ke tsayawa ƙarƙashin fiffikensu ya ji kamar yana gindin kuka. A bayansu ga rokoki biyu na Ariane a tsaye sun doshi sama, ga wani tsohon Boeing 747 na gidan tarihi. Nan muka yi safiyarmu, kuma nan wayar hannu ta yi aikinta sosai. Jirgin da ke tsaye a ƙasa ba ya bukatar babbar kyamara, abin da yake bukata sammako ne. Wanda ya shiga da buɗe ƙofa zai sami jirgin shi kaɗai, wanda ya makara kuwa zai koma gida da hoton ƙeyar mutane. Mun kuma lura cewa in ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa, jirgin yakan fito da kwarjini, sararin sama ya zama bayansa maimakon tantuna da shinge. In taro ya hana ka samun jirgin duka, ka ɗauki ɓangare: bakin inji, ko tayoyin sauka, ko rubutun wutsiya. Hoton da yara suka fi tsayawa a kai daga baya shi ne na abokin tafiyarmu a tsaye kusa da injin Boeing 777-9, domin sai da suka ga mutum a gefe suka gane girman abin.

Bayan azahar aka fara tashi, nan kuma wahalarmu ta fara. Mun bar kyamara a kan harafin da mai ita ya ce mu bari, watau inda take zaɓar komai da kanta. Jirgin yaƙi na Rafale ya taso, ƙasa ta yi rawa, muka danna maɓalli muka yi ta dannawa. Haka muka yi wa F-35 na Amurka, haka muka yi wa duk abin da ya bi ta gabanmu har la'asar sakaliya. Muna ta murna, mu a dole mun cika alkawari.

Da daddare muka zauna a falon Kawu muka duba. Hoto wajen 600. Fiye da rabi sararin sama ne fayau, babu ko tsuntsu. Cikin sauran, wani wutsiya ce kaɗai, wani hanci, wani kuma baƙin ɗigo kamar ƙuda ya sauka a farin allo. Waɗanda jirgin ya fito cikakke duk sun yi baƙi ƙirin, ba a ganin launi balle rubutu. Kawu ya sa tabarau ya duba guda uku ya ce, "Malam, wannan ai ko shirwa ce ka ce jirgi ne ba mai musu." Ba mu ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ya faɗa. Ga batir ya mutu tun kafin a tashi, ga fuska ta ƙone, ga kunne na ƙugi.

Ran Asabar muka sake sayen tikiti, kuɗin da muka ware na tsaraba. Wannan karon mun sa hula, mun sayi abin toshe kunne a kantin magani, muka kuma je bakin shingen 'yan kallo tun da hantsi muka kama wuri. Kusa da mu akwai wani tsoho Bafaranshe a kan 'yar kujerar naɗewa, da gilashin kyamara kamar turmi. Ya ga muna juya tamu kamar mai neman bakin zare, ya tambaye mu, muka nuna masa aikin jiya. Bai yi dariya ba. Ya karɓa ya murɗa 'yan wurare, ya yi mana bayani a hankali kamar yadda mu ma muke yi wa 'yan aji. Abin da za mu faɗa nan gaba rabi nasa ne, rabi kuma abin da muka gani da idonmu a wannan yinin.

Farkon abin da ya gyara shi ne saurin ƙiftawar kyamara, watau tsawon lokacin da idonta ke buɗewa ya rufe. Ya mai da ita kan harafin S (a kyamarar Canon Tv ake rubutawa), inda kai ke zaɓar saurin, ita kuma ta daidaita sauran. Abokinmu malamin lissafi ya zaro biro ya yi mana hisabi a bayan tikiti. Jirgin da ke gudun kilomita 720 a awa yana cin mita 200 a daƙiƙa guda. In kyamara ta ƙifta a 1/250 na daƙiƙa, kafin ta rufe ido jirgin ya matsa santimita 80, shi ya sa hoto ke fitowa dishi-dishi. In ta ƙifta a 1/2000, santimita 10 kawai ya matsa. Don haka jirgin jet ana ba shi 1/1000 zuwa 1/2000, kuma da rana tsaka haske ya isa a yi haka ba tare da an wahalar da kyamara ba.

To amma fa a nan ne mai koyo ke faɗawa rami na biyu. Jirgi mai farfela ba a yi masa haka. In ka ɗauke shi a 1/2000 farfelar za ta tsaya cak a hoto, sai ka ce injin ya mutu jirgin na shirin faɗowa. Malamin lissafi ya sake jan biro: farfelar ƙaramin jirgi da ke juyi 2,400 a minti tana juyi 40 a daƙiƙa, saboda haka a 1/250 kowane reshe nata zai ci kusan kashi ɗaya cikin shida na da'ira, sai ta fito kamar hayaƙi mai zagaye, mai kallo ya san jirgin na da rai. Ga masu farfela, 1/250 ko ƙasa da haka. Jirgi mai saukar ungulu ya fi wuya, domin babbar farfelarsa ta sama a hankali take juyawa, sai an sauka zuwa 1/125 ko ma 1/60, kuma a wannan saurin ko numfashinka na iya ɓata hoto. Mun gwada a kan A400M, babban jirgin dakon soja mai inji huɗu, kowace farfela da reshe takwas. Cikin hoto 40 uku suka yi kyau. Tsohon ya ce wannan ba asara ba ce, haka kowa ke samu, mu daina ƙirga waɗanda suka lalace. Mu da muka tashi a zamanin fim mai hoto 36, wanda sai an kai wanki an biya kafin a ga abin da aka yi, har yanzu hannunmu na nauyi wurin dannawa.

Sai maganar baƙin da jiragen suka yi. Ita kyamara in ta ga sarari mai haske ya cika mata ido, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, jirgin da ke tsakiya ya zama gawayi. Maganinsa wani ɗan maɓalli ne mai alamar +/-, a ƙara shi zuwa +0.7 ko +1, musamman in sama ta yi farin gajimare. Sannan a lura da inda rana take. A inda muka tsaya, da la'asar rana na gabanmu ta hannun hagu, saboda haka duk jirgin da muka ɗauka ta can inuwarsa muka samu. Da muka koyi haƙuri muka bar shi ya wuce zuwa dama, sai ga launi da lamba da komai sun fito. A tuna kuma agogon Faransa na bazara ya yi gaba da rana: tsakar rana ta gaskiya sai wajen ƙarfe biyu, faɗuwarta kuwa sai kusan goma na dare. Wanda ya yi lissafin inuwa da agogon Garwa zai sha mamaki.

Abin da ya fi ba mu wuya ba a jikin kyamara yake ba, a jikinmu yake. Jiya muna jiran jirgi ya shigo cikin gilashi sannan mu danna, kamar mai jiran kifi ya faɗa koma. Tsohon ya miƙe ya nuna mana: ka buɗe ƙafa, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, hannun hagu ya tallafi gilashin daga ƙasa, ka kama jirgin tun yana nesa, ka bi shi da ƙugu ba da hannu ba, ka danna kana cikin juyawa, kuma kada ka tsaya bayan ka danna, ka ci gaba da rakiyarsa. Duk wanda ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo ya san wannan. Saitin gani kuma a sa shi a kan wanda ke bin abu mai motsi, AF-C a wasu kyamarori, AI Servo a Canon, a kuma sa ta ta riƙa ɗauka a jere in an riƙe maɓalli. Amma a riƙa yi gajere-gajere, uku ko huɗu a saki, in ba haka ba katin ajiya zai cika, kyamara ta tsaya tana haki daidai lokacin da abin kallo ya zo.

Kada kuma a bi kunne. Wannan mun sha koya wa yara a aji, amma sai a Burje muka gan shi a fili. Sauti na tafiyar kamar mita 340 a daƙiƙa, don haka jirgin da ke nesa da kai da kilomita guda, ƙararsa sai bayan daƙiƙa uku take iso ka, shi kuwa ya riga ya yi gaba da ɗaruruwan mita. In ka juya inda ƙara take, wurin da ya bari kake kallo. Rabin hotunan sararin da muka tara jiya daga nan suka fito. Ido biyu ake buɗewa, ɗaya a kyamara ɗaya a sama, a kuma saurari mai sanarwa a lasifika, domin yakan faɗi ta inda jirgi zai ɓullo.

Jiragen ba sa zuwa kusa yadda mutum ke so, kuma da dalili. A nan Burje ne jirgin Tu-144 na Tarayyar Sobiyet ya tarwatse a sama a 1973, ya faɗa kan garin Goussainville ya kashe mutanen cikinsa da na ƙasa. A 1989 kuma wani MiG-29 ya faɗi a filin, matuƙinsa ya tsira da laima daƙiƙu kaɗan kafin ya daki ƙasa. Saboda irin wannan ake nisanta wasan daga 'yan kallo. Gilashi mai 300 ya isa manyan jirage da kuma jerin gwano, amma ga ƙaramin jirgin yaƙi guda sai an jira lokacin da ya karkata ya nuna bayansa a mafi kusa. Nan ne hoto yake, ba lokacin da yake tafiya miƙe ba. Waya kuwa a wannan fage ba ta da ta cewa. In ka ja hoto da yatsa don ya matso, ba matsowa yake ba, fashewa yake. Gara a yi bidiyo da ita, ko a ɗauki taron jama'a da hayaƙin jirage a samansu. Jirgin da ke gudu a kan titinsa daga nesa ma a haƙura da shi da rana tsaka, domin kawalwalniyar da ke tashi daga kwalta tana narkar da hoto, kuma babu maɓallin da ke gyara wannan.

Da aka ɗan tsagaita muka ruga gidan tarihi don mu huta wa rana. A wani zaure aka ajiye Concorde biyu gefe da gefe. Ɗaya na Air France ne da ya daina aiki a 2003, ɗayan kuma shi ne na gwaji na farko, mai lamba 001, wanda ya fara tashi ran 2 ga Maris 1969. Wannan na biyun ya tsayar da mu, domin yana da labari da ƙasashenmu. Ran 30 ga Yuni 1973 aka yi husufin rana a Afirka. Masana suka huda tagogi a rufin jirgin nan, suka tashi daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar wata da gudun da ya ninka na sauti biyu ta saman Sahara, suka zauna cikin duhun husufi minti 74, alhali wanda ke ƙasa bai samu fiye da minti bakwai da 'yan daƙiƙu ba. Sannan suka sauka a Fort-Lamy, wadda a shekarar nan aka sake mata suna Njamena. Dattawan Kuseri da ke tsallaken kogi watakila wasunsu sun ji saukarsa. Zauren ba shi da haske sosai kuma jiragen sun cika shi, saboda haka dogon gilashi bai yi amfani ba. Waya muka jingina a jikin ƙarfe don kada hannu ya yi rawa, muka ɗauki alamar husufin da ke jikinsa.

Muka koma bakin shinge don jiran Patrouille de France, ayarin wasan sama na sojan Faransa, wanda a shekarar yake cika 70 da samun sunansa. Jirage takwas ne ƙirar Alpha Jet, irin dai wanda sojan saman Kamaru ya saya, wanda mutanen Garwa suka san ƙararsa. Suna fitar da hayaƙi shuɗi da fari da ja. A nan kuskuren mai dogon gilashi shi ne ya jawo su kusa har ya yanke hayaƙin, alhali hayaƙin shi ne rabin hoton. Muka rage gilashi zuwa wajen 100, muka bar fili a gaban jiragen don a ga inda suka dosa. Inda biyu ke tahowa gaba da gaba su gitta juna, tsohon ya ce kada mu yi ƙoƙarin kallon duka biyun, mu bi ɗaya kawai mu fara dannawa kafin su haɗu. Mun yi haka, mun kuskure da kaɗan: a hotonmu sun riga sun wuce juna da tsawon jirgi biyu. Shi ya samu daidai. Ya ce shekararsa ta farko shi ma haka ya yi.

Masu karatu da yawa za su ce ina mu ina Faris. To ai hannu a gida ake koya shi, kuma da mun san haka da ba mu yi asarar Juma'a ba. Fankar silin ta isa a gane maganar farfela: a ɗauke ta a 1/1000, a sake a 1/60, a kwatanta. Masu babur a kan titi sun isa koyon bin abu da ƙugu, haka dawaki ranar hawa a ƙofar Lamiɗo. Shirwa da ungulu a saman mahauta kuwa su ne jarrabawar ƙarshe, domin ba su da mai sanarwa, kuma baƙi suke fitowa in ba a ƙara haske ba. Amma muna jan kunnen matasa da babbar murya: kada wani ya ɗauki kyamara ya nufi shingen filin jirgi ko sansanin soja a nan ƙasar da sunan gwaji. Abin da aka buɗe wa kowa a Burje, a nan hani ne, kuma ƙaramin abin da zai faru shi ne a karɓe kyamarar, wadda watakila ma ta aro ce. Ko ranar faretin 20 ga Mayu, in jirage za su wuce, a tambayi jami'in da ke wurin kafin a ɗaga gilashi.

Mun mayar wa mai hoto gonarsa lafiya, har da sabon batir a matsayin tukuici. Cikin hotunan kwana biyu muka zaɓi 12 ya wanke mana manya, muka manna a bangon aji da aka koma makaranta a watan Satumba. Yaron bencin baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu a baya kamar sufeto. Ya daɗe a gaban na A400M, wanda muka fi alfahari da shi, sannan ya juyo ya ce, "Malam, wannan ya lalace, farfelar ba ta fito ba." Muka ce ya je ya kunna fanka, ya dawo ya gaya mana reshe nawa yake gani.